Askin Ranar Asabar

"Aski kyauta duk Asabar, ni kuma in kama bakina," in ji direban babbar mota, yana jujjuya kwalbar maganin ƙanjamau da ya tsinta a teburin mai aski. "In labari ya fita, wa zai sake kawo maka kansa?"

"Na yarda, maƙwabci. Zauna."

Mai aski ya ɓare sabuwar reza. Wanda reza ke kan maƙogwaronsa kuwa ba ya musu. Wata uku direba yana shan wa'azi: gwaji ba ya cizo, kowa ya kamata ya yi, balle kai mai kwana a hanya.

Ran nan ya gaji. "Don Allah kai ni a gwada, kunnena ya huta!"

A ƙofar asibiti ya yi turus. Ga ƙaton hoton mai aski a bango, yana washe baki da kwalbar a hannu: "Shekara tara ina sha, ga ni garau."

"Au! Kowa ya sani?"

"Har akuyar gidanku."

Direba ya ci aski goma sha biyu, ya san lafiyarsa. Mai aski ya kawo mutum na hamsin gwaji. Bakin direba ne kaɗai ya yi asara, da ya yi wata uku yana gadin abin da ke manne a bango.