Doguwar Ɗan'azumi

Wallahi ko na rantse maka ba za ka yarda ba, amma a Dogon Dutsi an yi mutumin da ya ƙera iska da bakinsa, kamar yadda maƙeri ke ƙera lauje.

Ɗan'azumi ke nan. An kore shi daga lakwal, wato makarantar boko, ranar da ya saka wa malaminsu bushiya cikin hula, ya fito da Faransanci rabi da rabi, baki kuwa cikakke. Bayan samun mulkin kai bakin nan ya samo masa aikin tafinta wurin Madam Hélène, wata Baturiya da jami'arsu ta ɗauki nauyinta don ta binciki borin Arewa, wato ƙasar su Dogon Dutsi. Shi ke zama gaban mota, gwiwar hannu a taga, yana gai da dattawa da yatsa biyu.

Sai dai wa'adin da jami'a ta ɗiba wa aikin zai ƙare da kaka. Madam na tafiya mota ta tafi, shi kuma kawunsa na jiransa a Dogon Kiriya da aikin haƙar rijiya. Ɗan'azumi ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga kasuwa ya fito bai sayi komai ba, tuwo ma a tsaye yake ci.

"Ba sa ƙara wa'adi," Madam ta ce masa da Faransanci, "sai in zan kawo musu abin da ba su taɓa gani ba."

Kafin ta rufe baki ya haifo mata wata doguwa, iskar bori. Ya ce a Sukukutane take, cikin wani tsohon gawo, ba ta saukowa sosai sai da ruwan fari, kuma babu Baturen da ya taɓa jin sunanta. Madam ta ce to, amma sai ta ji daga bakin masu ita kafin ta nemi ƙarin.

Ina zai samo masu ita? Ambroise direba ne ya fitar da shi. Ranar kasuwar Kore Mairuwa ya nuna masa wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ana ce mata Shatu. "Waccan ba ta da surutu," in ji shi.

Ɗan'azumi ya tsuguna gabanta. Masu wucewa suna ta tuɓe takalma, ya ji daɗi ƙwarai, ashe dai wandon kakin nan nasa na da kwarjini.

"Iya, aikin ba wuya. Hwaɗuwa za ki yi, ki birgima, ki yi magana ta hanci. Kin iya?"

"Ina na iya, ɗana? Sai ka gwada mini."

Ya ja ta bayan kasuwa ya gwada mata. Ya faɗi, ya birgima, ya yi tsalle ya dira da mazaunai har rairayi ya tashi. Tsohuwa ta zagaya shi tana duban ƙafafunsa da ƙirjinsa.

"Jikinka na da kyau," ta ce.

Ranar wasan, masu gogen da ya ɗauko ba su ko dube shi ba. Tsohuwar suka zuba wa ido, suka ɗauki wani take da bai faɗa musu ba. Shatu ta faɗi, faɗuwar da ta fi wadda ya koya mata nesa. Wata murya ta fito daga bakinta mai kauri kamar ta namiji.

"Wa yak kira ni?"

"Ni ne!" in ji Ɗan'azumi, yana ƙifta wa Ambroise ido.

"In na sauko, wa za shi ɗauke ni?"

Wannan ba ta cikin karatun da ya ba ta. Madam ta juyo tana kallonsa, in ya yi shiru ƙarya ta fashe. Ya doki ƙirji.

"Ni Ɗan'azumi! Ko da ɗiyanki kinka zo, ni ka ɗaukar ku duka!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Ya fassara wa Madam cewa doguwa ta umarce ta ta zauna har bayan daminar baɗi.

Jami'a ta ƙara shekara guda. Ɗan'azumi ya cika gari da labari: shi ya juya Turawan Faransa daga nan inda yake zaune, shi ya mayar da mai daddawa doguwa.

Hadarin fari na haɗuwa suka kama hanyar Sukukutane, mota na nutsewa cikin rairayi, shi yana ƙirƙiro dalilin da zai sa doguwa ta ƙi saukowa bana. Amma ba gindin gawo Ambroise ya tsaya ba. Ƙofar wani gida ce, a ciki ga sabon ɗaki, ga tukunyar magani na tafasa tana warin ɗaci, ga wanzami na wasa aska. Kowane ɗan Arewa ya san wannan shiri. Girka ce: wanda ya furta gaban goge cewa zai ɗauki iska, 'yan bori ba sa sakinsa sai an aske shi, an kulle shi, ya sha ɗaci har iskar ta hau shi ya zama dokinta.

Ya juya zai gudu, ya ci karo da faɗin Ambroise a bakin ƙofa. Ya shiga kuwwa da Faransanci: "Madam, babu wata doguwa! Wannan tsohuwar daddawa take sayarwa!"

Madam ba ta waiwaye shi ba. Ta wuce ta durƙusa gaban Shatu, wadda manyan 'yan borin Arewa ke zube a gabanta suna kiranta uwarsu, ta ce da Hausar da ta fi tasa daɗi: "Inna, kin cika alkawari. Girkar namiji jami'a ta so gani tun hwarko har ƙarshe, ga shi kuwa dokinmu ya kawo kansa."