Tukwanen Ƙarƙashin Gado

Zuwaira ta ɗaga zanen gadon kakarta Iya Kaltume, sai ga su jere a ƙarƙashi, a kife. Duk tukwanen da ta gina da hannunta ne, ko ɗaya ba ta taɓa hawa murhu ba.

Tun da ta shiga ajin ginin tukwane da aka buɗe wa mata a Kaduna dangi ke mata dariya, wai 'yar akawu mai ilimin boko ta koma cuɗa yumɓu. Da ta raba musu tukwane da Sallah, gwaggonta a tata take zuba wa kaji ruwa. Zuwaira ta shanye, ba ta fasa zuwa aji ba, don Iya Kaltume kullum cewa take, "Ƙaro mini wata, babba."

Ashe ita ma ɓoyewa take yi.

"Iya, in kunyarsu kike ji a gaban baƙi, ki faɗa mini. Yau zan kwashe abina."

Tsohuwar ba ta ko ajiye mazarinta ba. "Taɓa ɗaya ki gani, 'yar boko, in ban karya miki yatsa ba."

"To me kike tara su ki yi? Ba girki, ba ruwa."

"Na riga na gaya wa ubanki," in ji Iya. "Ranar da aka kwantar da ni a kabari, ban yarda a jera mini tukwanen kasuwa ba. Da naki za a rufe ni kafin a zuba ƙasa. Saura ta wajen kai. Ki yi ta da kauri."