Faranti na Ashirin da Huɗu

Malamin makarantar ya fi rabin awa a shagon wata mai sayar da kwanuka yana jujjuya faranti ɗaya. Bana shi dangi suka ɗora wa liyafar hutu.

"Ɗauki masu jan furen nan, Malam, sun fi kyau," in ji mai shagon. Shekara biyu farantan suna kan kantar shagon, ba wanda ya ko taya.

"To, a ba ni ashirin da huɗu."

Ta shiga ƙwanƙwasa su da farce, tana sauraron ko akwai mai tsagu. A na bakwai ta dakata.

"Jiya ƙanwarka ta sayi cokula a nan. Ku ashirin da uku ne, ta ce. Ɗayan na ko-ta-kwana ne?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "A'a. Mama ce ta ce a ajiye kujera kusa da ita."

"Wace mai sa'ar ce?" Farantin take kallo, ba shi ba.

"Ban tambaye ta ba tukuna. Kullum na zo sai in tarar tana ciniki."

Ta ɗago. Bai kau da ido daga kanta ba.

Ta tattara masu furen ta mayar. Ta taka kujera, ta sauko da farare masu bakin zinare, waɗanda ba kowa take nuna wa ba.

"Ba kin ce waɗancan sun fi kyau ba?"

"Lokacin na ɗauka kai kaɗai za ka ji kunyar," ta ce. "Ni ba zan zauna kusa da Mama da jan furen nan ba. Kuma saura cokali ɗaya."