Wainar Gidan Malam Tanimu

Tun da aka kawo Maƙwabci, dandalin nan na waya da masu sana'ar hannu ke samun aiki a kansa, Uwani mai wainar taro ta daina yawon neman ciniki. Shi yake turo mata aiki tun kafin masu shi su nema. Abin da ya hana hankalinta kwanciya ke nan: wa yake gaya masa?

Ranar Laraba da hantsi wayarta ta yi ƙara. Saƙon Maƙwabci ne: wainar sadakar uku ake so ranar Juma'a, gidan Malam Tanimu mai gyaran keke.

Ita dai ba ta ji an yi rasuwa ba. Ta yafa mayafi ta nufi gidan, sai ga shi a ƙofa yana liƙin taya, lafiyarsa ƙalau.

"Ina kwana, Malam? Ya iyali?"

"Kowa lafiya, alhamdulillahi."

Ya dubi wayar da ke hannunta, ya ajiye tayar a hankali.

"Ke ma shi ya turo ki ko? Zauna ki huta, Uwani. Mai hayar tabarmi bai jima da tashi daga nan ba."