Tsakuwar Narkau

Ba a shiga ɗakin tiyata sai da ɗan'uwa a bakin ƙofa. Haka ma'aikaciyar jinya ta faɗa wa Narkau, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Narkau kuwa ba shi da wanda zai kira. Dangi kam yana da su, amma duk wanda ya ji, kasuwa ta ji. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a bayan tasha da lasifika yana zagin likitoci, yana kiransu mahauta masu farin kaya, yana rantsuwa kwalbarsa ɗaya tana narkar da tsakuwar matsarmama kamar gishiri a ruwa. Can ma ya samo sunan. Yau ga gogan naka a asibitin wani gari mai nisa, dafe da gefen cikinsa na dama, ido ya yi ruwan ɗorawa. A gida ya ce ya tafi daji haƙo saiwoyi. Maganin nasa ko kurɓa bai yi ba, don ya san abin da ya ɗura a ciki.

"Baba, in ba damuwa ni zan tsaya maka."

Wata mata ce a ƙarshen benci, da takunkumi a fuska kamar kowa. Kamar ya ga mayafinta a motar da ya shigo, sai dai Narkau bai saba duban fuskar mutane ba, hannun mai saye kawai yake kallo.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin san ciwon nan?"

"Na yi jinyar mai shi."

"Ya warke dai ko?"

Ta tashi ta karɓi jakarsa.

Ita ta riƙe masa takalmi da agogo. Da aka sa masa rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya aka turo shi a gado, ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto, wai don tarihi. Tun da aka rufe ƙofa ba ta zauna ba, duk wanda ya fito sai ta tare shi: zai tashi kuwa?

"Kwantar da hankalinki," in ji mai shara. "Uban naki ya yi dacen 'ya."

"Ba na so ya mutu," ta ce. "Wallahi ba na so."

Bai mutu ba. Aka cire matsarmama lafiya lau. Yana farfaɗowa, tambayarsa ta farko ita ce ina tsakuwar. Ya san ana zuba ta a 'yar kwalba a manna sunan mai ita, kuma ya riga ya ƙudurta masai zai jefa.

"Ai dangi ake ba," in ji ma'aikaciyar jinya. "Mun ba 'yarka."

Ga takalmi, ga agogo, babu 'ya. Ya taɓe baki ya koma barci.

Ranar da ya dawo kasuwa ya zumbula doguwar riga ta rufe filasta, ya rungumi ɗaurin saiwoyin da ya saya a hanya. Tun daga nesa ya hango mutane maƙil a wurinsa, taron da bai taɓa tara irinsa ba. Har ya fara gyara murya.

Sai ya ga hotonsa, an wanko shi ƙato an rataye, yana kwance cikin rigar mahautan. A kan teburinsa kwalba biyu. Matar tana riƙe da lasifika, babu takunkumi. Ta ɗaga ƙaramar, ta girgiza, tsakuwa ta yi ƙara, ta karanta sunansa a hankali. Sannan ta ɗauki ɗayar, tsohuwa, mai hotonsa a jiki, da saura rabin magani a ciki, ta dube shi ido cikin ido.

"Wannan kuma ta mahaifiyata ce, wadda ka rantse mata har ta fasa tiyata. Ba ta kai ga shanyewa ba."