Dashen Dabino na Ƙarshe

"Ba ni dashen dabinon nan, in bar maka ramin zinariyata," in ji tsoho Baushe.

Jatau mai kanti ya ce, "Baba, ba za ka yi kuka gobe ba?"

"Miƙo dai, ɗan nan."

Tun da aka jawo kogi cikin hamada, wanda ba shi da bishiya mai rai ba ya kwana a garin. Ta Baushe kuwa ta bushe jiya.

Da azahar jirgin duba bishiyoyi ya tsaya kan dashen da Baushe ya dasa, ya daɗe, sannan ya wuce. Baushe ya yi hamdala.

Shi da Jatau duk sun ci riba. Dangoggo maƙwabcin Baushe, wanda shi ma tasa bishiyar ta bushe, shi ne ya iso kanti a makare, da zinariya cike da kwalba, ya tarar dashe ya ƙare. Kafin la'asar an kwashe rumfar Dangoggo daga garin.