Furfurar Luka

"Don Allah sake gwadawa," in ji Lucy. "Duk masu wankin hoto sun ce ya lalace."

Badruddeen, mai shagon kwamfuta a bakin kasuwar Kafanchan, ya mayar da nagetif ɗin, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga shi, cikin sikana mai kai hoto kwamfuta. Gobarar 1987 ta ci gidansu Lucy, ta ci yayanta Luka. Wannan ɗan fim ɗin na hotonsa kaɗai ya rage. Tun lokacin mamansu ke ɗaga shi a taga tana kallo. Yanzu idon tsohuwar na mutuwa, likita ya ce saura kaɗan ta makance.

Hoton ya sake fitowa a juye: gashi fari fat, haƙora baƙi.

Badruddeen ya canza manhaja, ya danna. Sai ga Luka, saurayi, gashi baƙi wuluk, yana murmushi.

Lucy ta fashe da kuka, ta jawo tsohuwar da ke zaune a gefe zuwa gaban kwamfutar. "Mama, ga shi nan."

Mama ta matso, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dafa kafaɗar Badruddeen.

"Yarona, mayar da shi yadda yake. A can ne kawai Luka ya yi furfura."